Baƙin Man da Na Zuba a Babur ɗin Babanka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga yayan su Hafsa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka ka sauka Yambu lafiya. Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya haɗa ka da abokan zama masu tsoronSa.

Na sa takardar a aljihun gefe na jakarka, ƙarƙashin ledar dabino, don na san nan hannunka zai fara zuwa. Na san karatun Hausa yana ba ka wuya, kai da ko magana na yi maka sai ka mayar mini da Larabci. Ka bi ta a hankali. In wata kalma ta kakare maka ka tsallake ta, amma don Allah kada ka ɗauki hotonta ka tura wa Hafsa ta fassara maka. Wannan tsakanina da kai ne.

Ni da kai ba mu saba doguwar magana ba. Kai ne ɗan fari, kuma tun ranar sunanka ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba. Haka na taso na ga mahaifiyata tana yi da yayana a Kano. Maƙwabtanmu Larabawa har yau mamaki suke, wai uwa ta ce "kai wannan" da ɗan da ta haifa. Wannan kunya ce ta gado, ba na nadamarta. Amma akwai wata kunyar da na goya shekara ashirin da ɗaya, ita ba ta gado ba ce, tsoro ne kawai na ɗaura masa mayafi. Ita ce ta sa ni ɗaukar biro.

Ka tuna ranar Talata, muna cin abincin rana, da babanka yake yi maka faɗa kan aikin kai saƙo da za ka fara. Ya ce za su ba ka babur, dabbab ɗin nan da kuke cewa, ka riƙe shi kamar naka. Sannan ya ce ko iska ce ta ragu a tayarka, gara ka tura shi da ƙafa zuwa wata warsha, wato garejin gyara, da ka kai wa Hamisu. Ka yi dariya, Hafsa ta yi dariya. Ni na tashi na shiga kicin na ce miya zan ƙaro, alhali kwanon a cike yake.

Kun taso kuna jin "hannun Hamisu" a gidan nan. In gishiri ya yi yawa, hannun Hamisu. In Hafsa ta zuba turare har ya hau kai, hannun Hamisu. Kun san dai wani bakanike ne mutumin Maraɗi, tsohon abokin babanku, wanda ya cika wa babur mai har ya kashe shi. To, ba shi ya cika ba. Ni ce.

Lokacin ina amarya, watana biyar da zuwa Madina, kana cikina. Muna ɗaki ɗaya a wani lungu can wajen Ƙiblatain, lungun ya ɗan gangara zuwa titi, a bakin ƙofa babanka yake jingine babur ɗinsa. Ba na jin Larabci, ba na fita sai in zai kai ni Harami. Abokan hirata littattafan soyayya ne da na taho da su a ƙasan akwati, na karanta su har bangonsu ya cire, sai kuma Rabi, matar Malam Hamisu, wadda take dama mini kunun tsamiya saboda laulayi. A littattafan nan kullum mace takan yi wa mijinta wani abu a ɓoye, shi kuma daga baya ya gane, ya dube ta wani irin kallo. Ni kuwa ko ido ba na iya haɗawa da babanka. In ya shigo sai in rasa inda zan sa hannuna. Ina ta neman abin da zan yi masa wanda ba sai na buɗe baki ba.

A makon ne ya samu aiki a wani gidan abinci kusa da Harami, yana kai wa alhazai abinci. Ranar Laraba aka ce masa gobe zai kai abincin rana Bi'ir Ali, wajen wata motar alhazan Najeriya da za su ɗaura harami a can su wuce Makka. In ya kai a kan lokaci, aikin ya zama nasa duk tsawon aikin Hajji. Da yamma Malam Hamisu ya zo har gida ya yi wa babur ɗin juyen mai, bai karɓi ko sisi ba. Ina bayan labule ina jin su. Na ji yana cewa mai shi ne jinin inji, a zafin garin nan kullum da safe a duba shi. Ya ajiye gora ɗaya sabuwa a ƙarƙashin matakala, ya ce ta nan gaba ce.

Da safe babanka ya tafi masallaci da ƙafa, ya zauna can har rana ta fito kamar yadda ya saba. Na leƙa lungu, ba kowa. Zuciyata ta ce ga abin da kike nema. Na durƙusa, na murɗe murfin man, na zaro shi da ɗan tsinkensa kamar yadda na hango suna yi. Na ga tsinken a bushe, sai ɗan laima a can ƙarshensa. Wallahi har hawaye ya zo mini, na ce ashe da ban duba ba da mijina ya hau hanya ba mai. Na ɗauko gorar na fara zubawa. Na zuba, na leƙa, ban ga komai ba, na ƙara. Ban tsaya ba sai da na hango man yana ƙyalli a bakin ramin, kamar yadda nake cika tulu. Na rufe, na goge da gefen hijabina, na cusa gorar a ƙasan kwandon shara. Na koma ɗaki ina murmushi ni kaɗai, ina ta tsara yadda zai gane da irin kallon da zai yi mini.

Kuskurena na farko ke nan, kuma kafin in zuba ko ɗigo na riga na yi shi. Babur ɗin a jingine yake kan ƙafar gefe, ga shi a gangare. Duk man ya koma ɓangare guda, shi ya sa tsinken ya fito a bushe. Man yana nan daidai yadda Malam Hamisu ya auna shi.

Saboda haka ka ji ni da kyau. Kada ka taɓa duba man babur yana jingine. Ka nemi wuri mai shimfiɗa, ka ɗora shi kan ƙafar tsakiya ya miƙe sak. In naka ba shi da ita, ka sa wani ya riƙe maka shi a tsaye. Ka tayar da shi ya ɗan yi ɗumi, ka kashe, ka ba shi minti biyu ko uku man ya sauko ya kwanta. Sannan ka zaro tsinken, ka goge shi tas da tsumma mai tsabta, ka mayar, ka sake zarowa. Na biyun nan shi ne gaskiya, na farko ba a yarda da shi. Irin na babanka ɗora murfin kawai ake yi, ba a murɗawa in ana awo, amma ya ce wasu sun bambanta, wasu ma ɗan gilashi gare su a gefe da ake leƙawa. Ranar da suka miƙa maka makulli ka tambayi yadda naka yake. Kada ka ji kunyar a ce sabon zuwa bai sani ba. Da na iya buɗe baki na ce "Malam, yaya ake duba wannan?" da duk abin da zan faɗa maka yanzu bai faru ba. Kalma biyar ce, na kasa.

Kuma ba babur kaɗai ba. Mutum ma in ka same shi a jingine, yana cikin gajiya ko ɓacin rai, kada ka auna shi a lokacin. Bari ya miƙe tukuna.

Babanka ya ɗaure kulolin abinci a baya ya tafi da hantsi. Ina daga taga ina kallonsa har ya sha kwana. Na ga ɗan hayaƙi a bayansa, na ɗauka haka yake yi. Daga baya ya ba da labarin cewa tun kafin ya yi rabin hanya salansa ta fara aman hayaƙi fari mai shuɗi-shuɗi, har masu motoci suna danna masa oda suna nuna bayansa. Injin ya fara tari, ya shaƙe, ya mutu. Ya buga kik har ƙafarsa ta kumbura. Ya tura shi cikin ranar nan ta Madina, ka san ta, ga kuloli a baya. Kafin ya samu mai a-kori-kura ya taimaka masa ya isa Bi'ir Ali, alhazan sun yi wanka, sun ɗaura harami, sun yi talbiyya, motarsu ta tashi. Tsofaffi ne da yawa a ciki, suka kama doguwar hanyar Makka ba su ci komai ba. Har yau in na ga farin harami sai na tuna su. Mai gidan abincin bai ko saurare shi ba, ya karɓi kulolinsa ya ce kada ya dawo.

Kuskure na biyu ke nan: na ɗauka yawa shi ne kulawa. A jikin tsinken nan layi biyu ne, na sama da na ƙasa. Tsakaninsu ake so man ya tsaya, ya fi kusa da na sama, kada ya haye shi. In ya yi ƙasa, inji ya ci kansa ya buga. In ya wuce, ya yi kumfa, ya nemi hanyar fita ta ko'ina, ya jiƙa matacin iska, ya toshe fulogi, ya fasa robobi ya riƙa yoyo. In za ka ƙara, ka zuba kaɗan, ka jira, ka auna, ka sake zuba kaɗan. Ƙarawa ba wuya, ragewa ce aiki. Ka yi amfani da irin man da aka ce na babur ɗin ne, ba duk wanda ka tsinta a baƙala, kantin unguwa, ba. In ka ga ya yi baƙi ƙirin ko ya tsinke kamar ruwa, lokacin juye ya yi. In ka gama ka duba robar murfin tana nan, ka murɗe da kyau.

Na san kai ma kana da irin hannuna. Na ga yadda kake wa abokanka, in ka so mutum sai ka juye masa duk abin da ke gare ka har ya rasa numfashi. Ka riƙa tsayawa kana aunawa. Wata rana za ka yi aure, in sha Allahu. Ka tambaye ta abin da take buƙata, kada ka zauna kana tsarawa a ranka kai kaɗai.

Yanzu ga kuskure na uku, wanda ya fi mini nauyi. Na tsaya a nan na yi alwala na dawo kafin in iya ci gaba.

Bayan la'asar aka kawo babur ɗin gida, babanka ya aika aka kira Malam Hamisu. Ya zo da kayan aikinsa, ya kwance ƙusar ƙasa, ya tara roba. Mai ya yi ta zuba har robar ta cika ta tumbatsa a ƙasa. Babanka ya tsaya a kansa ya ce, "Kai ka yi juyen nan jiya ko ba kai ba?"

Ya ce shi ne, kuma da gwangwanin awo ya zuba, bai ƙara ko cokali ba.

A daidai nan na fito da shayi. Na durƙusa na ajiye faranti. Na wanke hannuna ya fi sau biyar a ranar, amma baƙin mai ya shiga ƙarƙashin farcena, ya zauna a kan lallena, ga kuma tabo a gefen hijabi. Malam Hamisu ya miƙo hannu zai ɗauki kofi, sai na ga idonsa ya sauka kan yatsuna. Ya juya ya dubi ƙarƙashin matakala inda ya ajiye gora. Ba ta nan. Bai sake duban inda nake ba. Ya sunkuyar da kai, ya kira sunan babanka, ya ce, "Wataƙila hannuna ne ya zarce. Ka yi haƙuri."

Babanka ya ce wanda bai iya auna mai ba ya ajiye sifana ya nemi tallan ruwa. Ya faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Na koma bayan labule na tsaya, ina jin komai. Na ce bari ya huce in faɗa masa. Da ya huce na ce bari ya samu wani aikin. Da ya samu na ce bari in haihu. Kafin nan magana ta zaga cikin masu babura 'yan ƙasarmu, kowa ya janye daga warshar Malam Hamisu. Tun ban haihu ba ya kwashe iyalinsa suka koma Yambu. Rabi ta zo sallama da ƙullin tsamiya a leda, ta ce kada in bari ta ƙare ban aika an sayo ba. Ta dafa cikina ta yi maka addu'a. Ko a fuskarta ban ga alamar an faɗa mata ba.

Laifi in ka faɗe shi a ranarsa, faɗa za a yi maka a wuce wurin. In ya kwana sai ya yi saiwa. Nawa har ya yi rassa, 'ya'yana suna wasa a inuwarsa. Ranar da ka fara cewa "hannun Hamisu" kana shekara huɗu, shayi ne ya yi maka zaƙi da yawa, duk gidan aka fashe da dariya. Ni ma na yi dariyar. Wannan ne kuskure na huɗu, kuma shi na fi maimaitawa, don kusan kowane mako sai na yi shi. A wurin aikinka za ka yi ɓarna, ba makawa, ɗan Adam ne kai. Za ka fasa abu, ko ka kai saƙo gidan da ba shi ba. Ka faɗa kafin a tambaya. In kuwa ka ga ana ɗora wa wani kayanka, ko muryarka na rawa ka ce naka ne.

Jiya bayan la'asar na faɗa wa babanka.

Yana tsakar gida yana goge babur ɗinsa. Na tsaya a bayansa ina kallon bango, na faɗi komai a jere kamar mai biya hadda, don na san in na tsaya ba zan ƙarasa ba. Bai juyo ba. Tsumman yana hannunsa, ya daina gogewa. Can ya ce, "Duk gorar?"

Na ce saura kaɗan.

Ya ɗan yi wata dariya ta hanci, sai kuma ta tsaya masa. Ya zauna a kan bokiti. Ya ce shi ma ya lura babu gorar a ranar, amma a ransa ya ce Hamisu ne ya mayar da abarsa. Ya ce ko a mafarki bai zaci na san inda murfin mai yake ba. Na jira faɗa, na ma fi son a yi mini shi, bai yi ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Mutumin nan ya rufa wa matata asiri a cikin gidana, ni kuma na bi gari ina tona nasa."

Sai ya tashi ya ɗora babur ɗin kan ƙafar tsakiya, ya tayar, ya kashe, ya miƙo mini tsumma ya ce in zo in duba. Na durƙusa. Na zaro, na goge, na mayar, na sake zarowa. Ya ce ina yake. Na ce tsakanin layi biyu. Ya ce, "To, bar shi haka." Na ɗago, muka haɗa ido. Ba irin kallon littattafan nan ba ne da na yi ta jira, idonsa ja ne, nawa ma haka. Amma shi ne na gaske.

Da magariba ya samo lambar Malam Hamisu wajen wani tsohon abokinsu. Sau uku ina ganinsa yana dannawa yana kashewa tun kafin ta shiga, har ya haƙura. Ashe ba ni kaɗai ce mai nauyin baki a gidan nan ba. Yau da safe ya fita ya dawo da gorar baƙin mai sabuwa, ya naɗe ta da leda biyu, ya cusa a ƙasan babbar jakarka, tare da dabinon ajwa. In gobe a tasha ya ce maka akwai saƙo a jaka, bai yi bayani ba, to shi ke nan. Ba naka ba ne.

Ga abin da muke roƙonka, ni da shi. Kafin ka fara aiki ka nemi warshar Malam Hamisu, an ce duk masu babura 'yan Hausa sun san ta. Ka je da kanka, ba ta waya ba. Ka durƙusa ka gaishe shi da Hausa, ko da gurguwa ce, kada ka yi masa "kaif halak" a tsaye. Ka ce masa Baba. Ka faɗi ɗan wane ne kai, ka miƙa masa gorar da hannu biyu, ka ce inji mahaifiyarka, ta ce ita ta zuba, kuma yanzu maigidanta ya sani. Ka ce babanka yana neman gafara, kuma yana jiran izini ya kira. Dabinon ajwar na Rabi ne, ka ce mata tsamiyar ta kai ni har haihuwa, kuma kai ne cikin da ta dafa. In ya karɓa, alhamdu lillahi. In ya juya maka baya, kada ka ji haushi, haƙƙinsa ne, ka sake gaishe shi ka tafi, bayan mako ka koma. In kuwa ya yarda ya taɓa babur ɗinka, ka tsaya kusa ka kalli yadda yake auna mai. Ba a taɓa samun hannunsa ya zarce ba.

Maganar nan kuma ta mutu a gidanmu. Hafsa ni zan faɗa mata da bakina, in na tara ƙarfi, kafin Juma'a. In gishiri ya sake yawa, ku ce hannun Ummi.

Ka riƙe sallah a kan lokaci. Ka sa hular kwano ko tafiyar kusa ce. Ka sha ruwa, an ce zafin Yambu da gumi yake zuwa. Ka riƙa addu'ar hawa abin hawa kafin ka tayar. Ban sani ba ko bayan ka karanta wannan za ka iya dubana kamar da. In ka dawo hutu ba sai ka ce komai ba, ni ma ba zan iya ba, ka ci abincin da na dafa kawai zan gane.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kiyaye ka daga faɗuwa da karo, Ya sa albarka a guminka. Allah Ya ba ka bakin faɗin gaskiya da wuri, Ya yi maka albarka duniya da lahira, Mahmud.

Wassalam.

Ni ce,
Mahaifiyarka.